Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Labarin Kyamarar Mahaifina

Duk wanda ya kwana a Maiduguri a daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga watan Satumba na 2024, ba ya buƙatar a ba shi labarin ambaliya. A daren ne madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi unguwanni yana tashin mutane daga barci. Dattawa sun ce rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. Mu mutanen Gwange da kayan jikinmu kawai muka fita, ni da Umma da ƙannena biyu, muka ratsa ruwa har ƙirji kafin muka sami tudu. Kwana goma sha biyu muka yi a gidan kawunmu a Bulumkutu kafin mu koma mu ga abin da ya saura.

Waɗanda suka fi mu asara suna da yawa, mai karatu, wasu ma rayuka suka rasa, saboda haka ba zan cika ka da kukan namu ba. Abin da nake so in ba ka labari shi ne wata tsohuwar kyamara da ruwan bai kai gare ta ba, da wani tsoho mai gyaran agogo a Kasuwar Kwastam, da kuma wani bashi da mahaifina ya tafi da shi ba tare da mun sani ba.

Abin da ruwa ya ci da abin da ya bari

Da muka buɗe ɗaki, laka ta kai rabin ƙwauri. Katifu da buhun gero da keken ɗinkin Umma da takarduna na makaranta duk sun tashi aiki. Umma ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Allah ya mayar da alheri." Ba ta zubar da hawaye ba sai da muka jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A cikinsa ne aikin mahaifina na fiye da shekara ashirin yake, wato albam-albam na hotuna da ambulan cike da nagatif. Hotunan sun manne da juna sun zama kamar tubali, in ka ɓanɓaro ɗaya sai fuskar mutum ta biyo yatsanka. Nagatif ɗin kuwa sun yi yauƙi suna wari.

Mahaifina mai hoto ne na yawo. Da Vespa yake zaga gari, daga gidan suna zuwa gidan biki, daga saukar karatu zuwa ƙofar fadar Shehu ranar Salla. Ya ɗauka, ya karɓi kafin alƙalami, ya kai wanki, bayan kwana biyu ko uku ya bi gida-gida yana raba hotuna yana karɓar cikon kuɗinsa. Da wannan sana'a ya auri Umma, da ita ya gina ɗakuna biyun da muke ciki. To amma Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki rabin unguwa, shi kansa hotonsa biyu kacal ne a gidan, kuma dukkansu a cikin akwatin nan suke. Ina da shekara takwas ya rasu, a watan Janairu na 2010. Ranar da muka zubar da abin da ke cikin akwatin, sai na ji kamar a ranar ne aka binne shi.

A saman sif, inda ruwan bai kai ba, muka tarar da jakarsa ta fata. Umma ta ce tun ranar da ya dawo daga wani suna da sassafe yana rawar sanyi, ya ce mata kyamarar ta cije ana tsakiyar aiki kuma gobe zai kai ta Kwastam, ba wanda ya sake buɗe jakar. Goben ba ta zo ba. Ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, bayan mako biyu ya cika.

Kyamarar Pentax K1000 ce, mai nauyi kamar dutsen guga. Daga baya na karanta cewa kamfanin Asahi na ƙasar Japan ya fara ƙera ta a 1976, ya daina a 1997, bayan an sayar da fiye da miliyan uku. Abin mamaki, shekara ɗaya kafin fitowarta, wato a 1975, wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya riga ya harhaɗa kyamarar farko da ba ta buƙatar fim. Ke nan tun tana cikin kwali magajiyarta ta riga ta zo duniya. Na ɗora ta a idona, ban ga komai ba sai duhu. Na danna maɓalli, shiru. Na taɓa hannun da ake jan fim, ya ƙi motsi. Duk da haka na ƙudura a raina sai na ji ƙarar nan tata da nake tunawa tun ina yaro.

Neman mai magani

Sai cikin watan Disamba, bayan mun ɗan farfaɗo, na rataya jakar na hau Keke Napep zuwa Kasuwar Kwastam, wadda ke kan hanyar da ta nufi Dikwa da Gamborun Ngala. Har lokacin ana ganin zanen da ruwa ya bari a jikin bangon shaguna, wani wurin ya wuce tsayin mutum. Da yake ni ɗan zamani ne, wurin masu gyaran waya na fara nufa.

Na farko ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Oga, ina wurin cajinta?" Na ce ba ta da shi. Ya yi dariya ya ce in kai ta gidan tarihi. Na biyu ya kama hannun jan fim ya fara dannawa da ƙarfin tsiya, na yi maza na fizge. Na uku ya kawo gwangwanin man feshi da ake sassauta noti da shi zai tuttula mata. Ban ga laifinsu ba, domin sana'arsu ta cire allo a sa allo ce, kuma sun ƙware a kanta. Wani dattijo mai sayar da goro da ke kallonmu shi ne ya yafito ni, ya ce, "Samari, wannan ba aikin yara ba ne. Bi nan, ƙarƙashin darbejiyar can akwai mai agogo. In ya ce ta mutu, to ta mutu."

Na same shi a bayan wani ɗan tebur mai gilashi, da madubin ido ɗaya a goshinsa. A gefensa gwangwanayen madara ne cike da ƙananan ƙarafa jiƙe a kananzir, kayan da ya tara shekara da shekaru waɗanda ambaliya ta sa wa tsatsa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa jakar.

Sanin cuta kafin magani

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kusan rabin awa bai taɓa sukudireba ba. Tambayoyi ya yi ta jero mini. Yaushe ta tsaya? A hannun wa? Da safe ne ko da rana? Lokacin zafi ko lokacin sanyi? Ta taɓa faɗuwa? Ta sha ruwa? Wa ya taɓa ta bayan mai ita? Da na ga abin ya yi yawa na ce, "Baba, ai da ka buɗe kawai ka gani." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗana, wanda ya buɗe kafin ya yi tambaya, cuta biyu yake bari: wadda ya tarar da wadda ya kawo."

Ya nuna mini wata 'yar taga a samanta inda lamba ta tsaya a kan 19. Sannan ya ɗaga ɗan mariƙin da ke hagu, wanda ake mayar da fim da shi, ya juya shi a hankali da yatsa biyu. Ya tsaya. Ya sake juyawa. "Ka ji yana turjewa? Akwai fim a cikinta. Da yaran can sun ja wannan mariƙin sama, murfin baya zai buɗe, rana ta cinye abin da ke ciki kafin ka ƙifta ido." Gabana ya faɗi. Ban taɓa kawo wa raina cewa hotunan sunan nan na ƙarshe suna nan kwance kusan shekara goma sha biyar ba.

Ya danna wani ɗan maɓalli a ƙarƙashinta, ya kara ta a kunnensa, ya dinga naɗe fim ɗin sannu a hankali har ya ji ya saki. Sai a lokacin ya buɗe bayanta ya ciro ɗan gwangwanin Fujicolor mai hoto 36. Ya ƙulle shi a baƙar leda, ya ce in ajiye shi gindin randa, kada zafi ya ƙara taɓa shi.

Daga nan ya cire idon kyamarar, wato gilashin gaba, ya leƙa. Madubin da ke ciki ya maƙale a sama, shi ya sa ban ga komai ba sai duhu. Ya juya ta baya ya nuna mini labulen baƙin yadi guda biyu da ke tare haske daga fim. Na biyun bai ƙarasa rufewa ba, saura ɗan ƙiris. Ya ce in dubi abin kamar leburori masu miƙa kwanon siminti a wurin gini. In ka danna maɓalli, madubi zai yi sama, ƙofar ido ta tsuke, labulen farko ya ruga ya buɗe wa haske hanya, na biyu ya bi shi ya rufe. In na biyun ya kai ƙarshen gudunsa, wani faifai mai haƙora a ƙasa zai shuri wani ɗan ƙarfe, shi kuma ya sako madubi, sannan hannun jan fim ya sami izinin motsi. Kowa jiran na gabansa yake yi. Mutum ɗaya ya tsaya, layi duka ya tsaya.

"Me ya hana labulen ƙarasawa?" in ji ni. Ya ce, "Ai kai ka ba ni amsa. Ka ce suna ne, da sassafe, cikin hunturu. Giris ya tsufa, ya sha ƙurar shekaru, sanyi ya daskarar da shi. Ba abin da ya karye a cikinta. Da yaron can ya ci gaba da danna hannun nan da ƙarfi, da yanzu ya karya haƙori, kuma haƙorin nan ba a sayar da shi a ko'ina."

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance sukurori uku na murfin ƙasa, ya jera su a faranti yadda suke a jikinta. Ya ce kan sukurorin Japan ya ɗan bambanta da na sauran, in ka sa musu sukudireban da bai zauna daidai ba za ka cinye kan. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah tawa mai rubutun Asahi ce a goshi, murfinta na ƙarfe ne, domin waɗanda aka ƙera a ƙasar Sin daga 1990 an cire sunan kuma murfinsu na roba ne. Da ya kifa murfin a tafin hannunsa sai ya yi shiru. Ya sauko da madubin idonsa ya duba, ya miƙo mini. A ciki an karce wata 'yar alama da bakin allura, da lamba 98 a gefenta.

"Wannan hannuna ne," in ji shi. "Haka muke yi wa agogo, don in ya dawo mu san yaushe muka gan shi. Wane ne mahaifinka?" Na faɗa masa. Ya ce, "Dogo, mai Vespa, wanda ba ya zama sai a tsaye yake shan shayi? Ashe shi ya sa bai dawo ba. Allah ya jiƙansa." Muka shafa fatiha, ni da shi da maƙwabcinsa tela.

Aikin Asabar uku

Da sirinji ya ɗiga man laita, ɗigo biyu, a gindin faifan nan mai haƙora. Ya jira. Ya ɗauki tsinken ashana ya ɗan tura shi. Sai na ji ƙwas! Madubi ya faɗo. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, domin ita ce ƙarar da nake ji in mahaifina yana gwada ta a tsakar gida kafin ya fita. Na miƙe ina murna zan ciro kuɗi. Tsoho ya ce, "Zauna. Farfaɗowa ta yi, ba warkewa ba."

Asabar uku na yi ina zuwa. A ta farko ya wanke tsohon giris gaba ɗaya da ɗan buroshi da auduga, sannan ya sa man agogo da bakin allura, a kan gaɓoɓin da ke juyawa kaɗai. Ya gargaɗe ni cewa mai ba ya zuwa kusa da labule ko ganyayyakin ƙarfen da ke tsuke ƙofar ido, domin mai maganaɗisun ƙura ne, wanda ya yi wa kyamara wanka da man keke ya kashe ta da hannunsa. Sannan ya koma kan faifan lokaci, wanda ke ɗauke da lambobi daga 1 har zuwa 1000, ma'ana daga daƙiƙa ɗaya cur zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ya sa ta a kan 1, ya ajiye agogo a gabansa, ya danna. Ta yi ta ƙugi har kusan daƙiƙa uku. Ya ce abin da ke riƙe labule na biyu a ƙananan lambobin nan ɗan'uwan cikin agogo ne, da haƙoransa da sifirin ɗinsa, shi ya sa tun farko masu hoto suke kawo wa masu agogo. Ya wanke shi, ya yi ta dannawa har ƙuginta ya zo daidai da bugun agogo. Manyan lambobin kuwa, ya buɗe bayanta ya fuskanci sama, ya danna a kan 1000, ya ce in duba ko hasken ya cika tagar daga gefe zuwa gefe. In gefe ɗaya ya yi duhu, labule na biyu yana cim ma na farko a hanya ke nan.

A Asabar ta biyu muka shiga shagon tela muka rufe ƙofa, ya haska tocila ta gaban labulen ina leƙe ta baya. Muka ga huda ɗaya kamar tauraro, ya toshe ta da ɗigon baƙin fentin yadi. Daga nan sai sosan da ke kewaye da murfin baya, wanda ke hana haske satar shiga. Ya narke ya zama kamar kwalta. Ya kankare shi da tsinke da sifirit, ya aike ni cikin kasuwa na sayo baƙin zaren ulu irin wanda mata ke saƙa hular jarirai da shi, ya cusa shi cikin kwarin murfin. Wajen maratayin ƙofar kuma ya manna wani siririn ƙyallen karan-miski da tela ya ba mu kyauta.

A ta uku ya kama idon. Da ya ɗaga shi a rana sai na ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin. Ya ce fumfuna ce, tana son duhu da laima, kuma jakar fata a ɗakin da ya yi kwanaki cikin ruwa ita ce gonarta. Ya yanko robar tsohon tubun keke ya kife a bakin murfin kwalba, ya murɗe zoben gaba da shi ba tare da ya karce komai ba. Ya goge gilashin da ruwan haidirojin na kemis. Tsakiya ta fita tas, amma a gefe tabo ya zauna, domin fumfunar ta riga ta ci fatar gilashin. Ya ce in daina ajiye ta a jaka, in sa ta inda iska da haske ke ratsawa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. A cikin tagar leƙawa akwai wata allura mai nuna ko haske ya isa, kuma ita kaɗai ce ke amfani da batir a duk jikin kyamarar, ɗan ƙaramin LR44 irin na agogo. Tsohon batirin ya fashe ya yi kore. Ya wanke gurbin da ruwan khal, ya sake liƙa wayar da dalma, ya sa sabo, allura ta ƙi motsi. Ya ce maganinta sai an sami gawar wata K1000 a ciro, tunda kamfanin ya daina yin kayanta tuntuni, sunan Pentax ma ya koma hannun Ricoh tun 2011. "Amma kada ka damu," in ji shi. "Babanka bai taɓa kallon allurar nan ba. In rana ta take, sa ƙofar ido a 16, lokaci kuma a lambar da ta fi kusa da ƙarfin fim ɗinka. In fim mai 100 ne, sa 125. In gajimare ya rufe, buɗe zuwa 11 ko 8. In inuwar bishiya ce, 5.6. Sauran kuma ido ne zai koya maka." Da na zo biya, ya cire kuɗin aikin allurar, ya ce ba ya cin kuɗin abin da bai tashi ba.

Na tambaye shi wa zai gaje shi. Ya yi murmushi ya nuna rumfunan masu waya. Ya ce yaro na ƙarshe da ya zauna a wurinsa wata biyu ya yi.

Fim ɗin da ya kwana shekara goma sha biyar

Saura fim. Na nemi wani aminin mahaifina wanda muke kira Kawu, shi ma tsohon mai hoto ne, yanzu hoton fasfo yake yi da kwamfuta. Ya ce injunan wankin fim mai launi da suka sani duk an kwashe su, kuma ko da akwai, fim ɗin da ya sha zafin Maiduguri shekaru haka launinsa ya riga ya lalace. Dabarar da ta rage ita ce a wanke shi a matsayin baƙi da fari, domin ko fim mai launi ne, da azurfa yake kama haske. Ya samo ruwan wanki iri biyu da masu hoton ƙashi ke amfani da su, na fito da hoto da na zaunar da shi, ya tsarma na farkon da ruwa sosai saboda ƙarfinsa. Ya tono tsohon tankinsa na wanki daga cikin tarkace. Ya ce, "Ka sani fa, sau ɗaya ake yi. In ya ɓaci, ya ɓaci ke nan."

Da dare muka toshe taga da barguna, ya naɗa fim ɗin a cikin duhu da lalube, hannunsa bai manta ba. Sanyin Janairu ya taimaka, ruwan bai yi ɗumi ba. Ya zuba, ya girgiza, ya ƙirga mintuna, ya zubar, ya zuba na biyu, ya ɗauraye. Da ya warware shi ya maƙale a igiyar shanya, sai ga shi ya yi duhu kamar ruwan shayi. Waɗanda ke can ƙarshe, na wajen naɗin, laima ta cinye su. Amma na farko-farko, da ke can cikin naɗi, ana ganin inuwar mutane. Muka ɗora shi a kan farin allon waya, muka ɗauka da wata wayar, muka juya baƙi ya koma fari. Cikin goma sha tara, bakwai suka fito.

Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, na yi ta addu'a a raina ko wani ya karɓi kyamarar ya ɗauki mahaifina a ranar. Babu shi ko a ɗaya. Maza ne a kan tabarmi sun lulluɓa da mayafi, da faranti na goro da dabino, da wani matashi riƙe da ƙahon rago yana dariya, da kuma shi matashin a zaure rungume da jaririya. Na ji haushi ƙwarai a daren.

Da safe na nuna wa Umma. Ta daɗe tana kallo, sai ta ɗora yatsa a kan wata tsohuwa da ke leƙowa ta bakin zaure, ta ce ta san gidan. Ta ce kuma ta tuna mahaifina, yana kwance, ya ambaci cewa ya karɓi naira 500 na mutanen nan. Ita kuwa ruɗanin rasuwa ya mantar da ita, su ma kunya ta hana su tambaya. "Alkawari kaya ne," in ji ta. "Je ka buga su, ka raka ni."

Muka je ranar wata Juma'a da yamma. Matar gidan ta karɓi ambulan ta buɗe, ta kalli na farko, ta kalli na biyu, sai ta zauna a ƙasa. Matashin nan mai riƙe da rago mijinta ne. Ya fita wata safiya a 2013, lokacin da rikici ya yi tsanani a garin, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. 'Yan hotunansa da suka rage su ma ambaliya ta tafi da su. Ta ƙwala wa 'yarta kira, budurwa 'yar shekara goma sha biyar, ta miƙa mata, ta ce, "Ga babanki, ga ki a hannunsa." Yarinyar ba ta ce uffan ba. Ta dai riƙe hoton da hannu biyu ta shige ɗaki. Matar ta dage sai ta biya cikon kuɗin, Umma ta rantse ba za ta karɓa ba. A hanyarmu ta komawa Umma ta ce mini, "Yau babanku ya gama aikinsa."

Kammalawa

Daga baya na karanta labarin Malick Sidibé na Bamako a ƙasar Mali, mai hoton bukukuwa kamar mahaifina, wanda shi ma ya shahara da gyaran kyamarori a shagonsa. Ya adana nagatif ɗinsa, kuma su ne suka kai shi ga karɓar babbar lambar girmamawa a bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007, kafin rasuwarsa a 2016. Na yi tunanin akwatuna nawa irin namu ne suka narke a Gwange da Gamboru da Fori, ɗauke da fuskokin mutanen garin nan na shekara talatin ko arba'in. A can duniya kuwa fim bai mutu ba. Kodak da ta durƙushe a 2012 ta miƙe tana ci gaba da yin sa, kuma a shekarar ambaliyarmu, 2024, aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Fim ana iya yin odarsa. Abin da ba a iya yin oda shi ne tsohon da zai tambaye ka ko da safe ta tsaya ko da rana.

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, in akwai irin wannan kaya a saman sif ɗin gidanku, kada ku buɗe bayanta sai kun tabbatar babu fim, kada ku danna abin da ya cije, kada ku zuba mata mai, ku kuma cire tsohon batir. Tsofaffin hotuna da nagatif ku ɗaga su sama, ku ɗauki kwafinsu da waya tun yau. Ni dai yanzu duk Asabar da ba ni da lacca ina gindin darbejiyar nan, ina wanke ƙarafa a kananzir ina koyon riƙe hantsaki.

Da fim ɗin farko da na yi oda ya iso, tsohon na fara ɗauka, a bakin teburinsa, ƙofar ido a 5.6 kamar yadda ya koya mini. Da na dawo gida na tara Umma da ƙannena a ƙofar ɗaki na ɗauke su. Sannan na saita komai, na kira yaron maƙwabta na nuna masa inda zai danna, ni kuma na je na tsaya kusa da Umma.